Manajan da Ba Ya Cewa A'a da Hausa

Ranar wata Litinin ce, washegarin kasuwar Jibiya, wajen ƙarfe goma na safe, a bazarar shekara ta biyu bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi. Mu huɗu ne a ofishin: ni, da Manaja, da Sarkin Dako, da wani ɗan dako mutumin arewacin Maraɗi mai suna Isuhu. Fanka tana juyawa a saman Manaja shi kaɗai. Isuhu yana durƙushe a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya zo roƙon a ba shi lambar aiki, wadda idan babu ita ba zai ƙara shiga farfajiyar sito ya ɗauki kaya ba.

Abin da ya tuno mini da wannan safiya shi ne tantance 'yan fansho da aka yi mana kwanakin baya. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar nawa, don tsufa ya goge zanen. Yaron da ke kan tebur, wanda muka gaisa da shi da Hausa har ya tambaye ni jiki, sai ya kawar da ido, ya karanta mini abin da ke kan allo da Turanci, ya kira na bayana. Ban ji haushinsa ba. Domin na san wannan kawar da idon, na san wannan sauya harshe. Shekara da shekaru kafin a haife shi, ni ake biya albashi in tsaya a tsakiya idan an yi hakan.

Kafin zuwan kuɗin man fetur, bakin iyakar nan wuri ne da mutum zai iya jin kukan jaki daga nesa. Muna yara mukan taho daga Daddara ranar kasuwa da buhunan gero a kan jakuna, mu tarar da raƙuma sun sauke kanwa da dabino, ana auna goro, ana ciniki da sulallan Najeriya da tammar Nijar a faifai ɗaya. Da sassafe sai ƙarar guga a rijiya da dakan masu fura. 'Yan dako suna da Sarkinsu, kuma suna da tsarinsu. Baƙo idan ya zo neman aiki, ba a tambayarsa takarda. Sarkin Dako zai sa a aza masa buhun gero, ya tafi daga gindin tsamiya zuwa rijiya ya dawo, kowa yana kallo. Idan ya dawo da shi, ya shiga. Idan ya kayar, Sarki zai ce, "Da saura," a ba shi ƙananan kaya har ƙashinsa ya yi ƙwari, a sake gwada shi. Wanda ya tsufa kuwa a mayar da shi ɗinkin buhu, ko riƙon igiya, ko gadin kaya. Na girma ina jin "da saura", ina jin "huta haka nan, baba". Ban taɓa jin an kalli namiji a gaban mutane an ce masa ba ya iyawa, an sallame shi ba. Mahaifina, wanda bai taɓa zama a aji ba, yakan ce mana idan za mu hana mutum abu mu dube shi mu ce mun hana, don ya san wanda zai yi wa fushi, ya san kuma wanda zai dawo ya roƙa.

Sai kuɗi suka zo. Cikin 'yan shekaru hanyar Katsina ta cika da manyan motoci, suna jere tun daga Magama, hancin wannan a bayan wancan. Siminti, shinkafa, kwanon rufi, rediyo, katifu. Warin gas ya danne warin kanwa. Direbobi suna danna oda ba dalili, janareto yana ruri, yaran mota suna kiran juna da Hausa da guntun Faransanci. Wani kamfani ya sami kwangilar ajiye kaya da sauke su. Ya gina sito, ya zagaye filin da waya, tsamiyar ta koma waje, rijiyar ta koma ciki. Aka ce daga yanzu ba mai ɗaukar kaya a ciki sai mai lamba, wani guntun farin ƙarfe da ake ɗaurawa a dantse. Ni kuwa na gama sakandare ke nan, aka ɗauke ni akawu kuma tafinta. Ina da takalmi sau-ciki, ina da biro uku a aljihu, kuma ban taɓa tambayar kaina me ya sa ake bukatar tafinta a ofishin da kowa yake jin Hausa ba.

Domin Manaja Bahaushe ne. Hausarsa ta fi tawa daɗi. Idan ya iso da safe yakan gaisa da mai gadi, ya tambayi iyali, ya tsokani mai shayi. Idan zai ce to, da Hausa yake faɗa, yana murmushi, har ya dafa kafaɗar mutum. Amma duk lokacin da zai ce a'a, sai ya gyara zama, ya dubi takardun gabansa, ya faɗa da Turanci, ya nuna ni da biro. Ni zan juyo in dubi mutumin in faɗa masa. Da haka kowane alheri ya fito daga bakinsa, kowane hani ya fito daga nawa.

Kalmomin ba su da yawa, na kuwa haddace su kamar karatun allo. Akwai "kanot", wato ba zan iya ba. Wannan bai cika amfani da ita ba, don tana nuna shi ne mai magana. Ya fi son "anebul", wadda takan zo da ban-haƙuri a gabanta, muna baƙin cikin cewa ba mu sami iko ba, kamar wani ne ya ɗaure masa hannu. Idan mutum ya nace, sai ya ɗauko "imfosibul", ba zai yiwu ba. Wannan ba ta da mai ita. Ba Manaja ne ya ƙi ba, ba kamfani ba ne, abin ne kawai ba ya yiwuwa, kamar a ce rana ta fito daga yamma. Talaka idan ya ji ta sai ya ce Allah ya kyauta ya tashi. Daga baya, a shekarun da na yi ina fassara labarai a gidan rediyo, na sake haɗuwa da su kullum a sanarwar hukumomi, na kuma lura ba a taɓa rubuta "mun ƙi". Amma mafi muni a cikinsu ita ce "anfit", bai cancanta ba, jikinsa ba zai iya ba. Sauran suna cewa ofis ya kasa. Ita wannan tana ɗauke kasawar daga kan ofis ta aza wa mutumin, ya tafi gida da ita.

An sassaƙa ta a jikin hatimin roba. Kafin a raba lamba, kamfani ya ce sai an duba lafiyar kowa. Aka kawo wani ɗan disfensa daga birni, surukin Manaja. Ya zauna a ɗakina, ya buɗe taga, 'yan dako suka yi layi a rana. Ba wanda ya taɓa. Mutum zai tako daga bakin waya zuwa taga, ya buɗe baki, ya ɗaga hannuwa, shi ke nan. Yana cin gyaɗa yana cewa wannan ya yi, wannan bai yi ba, ni ina buga hatimi. Kafin azahar ya gama, ya sa hannu a takarda cewa kwana biyu ya yi yana aikin. Mutum goma sha huɗu suka faɗi. Akwai mai ido ɗaya, akwai mai furfura, akwai wanda tari ya sarƙe shi daidai lokacin da ya iso taga. Isuhu kuwa ɗingishi yake yi. Kurkunu ya taɓa kama shi a ƙafar hagu yana saurayi, ƙafar ta ɗan karkace.

Duk wanda ya yi mako guda a bakin iyaka ya san Isuhu. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana. Fari ne ya koro shi, bayan ya binne shanunsa biyu, gonarsa kuma ba ta ba shi ko dami ɗaya ba. Ya bar mahaifiyarsa da matarsa da yara biyar a ƙauye, duk ranar kasuwa yana aika musu hatsi ta hannun wani direba. Idan aka sami kayan da kowa yake kauce wa, injin niƙa ko gangar mai, shi ake kira. Direbobin Maraɗi har rantsuwa suke yi da wuyansa.

To, a safiyar Litinin ɗin, Sarkin Dako ne ya fara magana. Dattijo ne, ya girmi mahaifin Manaja.

"Ranka shi daɗe, kuskure anka yi. Wanga mutum, in ka hidda shi, ka hidda rabin 'yan dakona. Ƙahwa ce ta karkace, ba baya ba."

Manaja ya yi murmushi. "Baba Sarki, ai na san Isuhu. Wa bai san Isuhu ba? Isuhu, ina gajiya? Ya mutanen gida?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe."

"To madalla." Sai ya gyara zama, ya dubi takardu, ya yi Turanci, ya nuna ni da biro.

Na ce, "Ya ce yana baƙin ciki, ba shi da ikon canza abin da likita ya rubuta."

Sarkin Dako bai dube ni ba. Ya ce, "To a gwada shi. Haka muka gada. A aza mashi, kowa shi gani."

Manaja ya yi dariya, ya ce da Hausa, "Ai kallo ba laifi ba ne." Ina jin ya ɗauka wasa ne da zai rage masa zaman ofis.

Muka fito. Labari ya riga mu fita, farfajiya ta cika. Isuhu ya tuɓe riga, ya naɗa gammo a kafaɗa, ya sunkuya. Aka aza masa buhun siminti. Bai motsa ba. Ya ce, "Ƙara." Aka ƙara na biyu. Ya miƙe, ya kama hanya daga ƙofar sito zuwa rijiya, ƙafar hagu tana jan ƙasa, ƙurar siminti tana zubo masa a fuska tana haɗuwa da gumi. Wani yaron mota ya yi ihu, "Likita, ina kake? Taho ka ga gurgu!" Aka fashe da dariya. Wani direba ya ce, "Ku aza mashi likitan bisa, shi kai shi Katsina!" Ya zagaya rijiya ya dawo. Bai jefar ba, ya durƙusa ya sauke su ɗaya bayan ɗaya a gaban takalmin Manaja, ya gyara musu zama. Numfashinsa kawai ake ji.

Sarkin Dako ya ce, "Ya shiga." Haka ake cewa tun kakanni.

Kowa ya juya ga Manaja. Na ga fuskarsa, na kuma san lissafin da yake yi. Idan ya gyara takarda ɗaya, sauran sha ukun za su zo, kuma za a tambayi wane irin dubawa surukinsa ya yi. Ya share ƙura daga hannun rigarsa, ya dubi sama da kawunan mutane, ya ce da Turanci takardu sun riga sun tafi hedkwata. Ya rufe da "imfosibul". Ya nuna ni da biro.

Takardun ba su tafi ko'ina ba. Suna cikin durowar teburina, makullin yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Gyaran bai wuce a ja layi ɗaya a sa hannu ba.

Na ce, "Ya ce ba zai yiwu ba."

Isuhu ya ɗago. Bai dubi Manaja ba, ni ya duba, tunda daga bakina ta fito.

"Mi ne ne ba shi yiwuwa, malam akawu? Abin da anka yi yanzu?"

"Takardu sun tafi."

"To bar takarda. Kai ɗan Daddara ne, na san tsohonka, na sha sauke mashi gero. Kai ka hwaɗa mani da bakinka. Ina iyawa ko ba ni iyawa?"

Na sha karanta labarin mutuwa da na yaƙi a rediyo muryata ba ta girgiza ba, kuma a ranar ma ba ta girgiza ba. Wannan ne abin da ya fi ba ni ƙyama idan na tuna. A natse na ce masa, "Malam Isuhu, takarda ta ce ba ka iyawa." Na koyi darasin Manaja sarai, har na iya yin sa da Hausa.

Ya ɗauki rigarsa ya fita. Sarkin Dako ya tofar da yawu a gefen takalmina, ba a kai ba, a gefe, ya bi shi.

Mako uku suna zaune a gindin tsamiya, su goma sha huɗu, a wajen waya. Sukan sami ɗan kayan fasinja, akwati ko buhun albasa, su yi ta rabo. Kullum da safe sai na wuce ta gabansu. Suna gaishe ni, wannan ya fi zagi ciwo. Direban da ke kai wa iyalin Isuhu hatsi ya zo ranar kasuwa ta farko ya koma da rabin abin da ya saba, ta biyu ya koma hannu wofi. Na ji yana gaya wa mai shayi cewa tsohuwar ta tare shi a bakin hanya tana tambaya ko ɗanta ba shi da lafiya ne. Na shanye shayina na koma ofis. A lokacin ina gaya wa kaina cewa ni tafinta ne kawai, tafinta kuwa ba ya ƙari ba ya ragi. Yau yara masu irin aikina suna cewa na'ura ce, ba su ba. Da can aƙalla sai an nemi mutum mai rai an biya shi kafin a sami inda za a ɓuya.

Ranar wata Alhamis da la'asar motocin siminti tara suka iso a tare, uku ba tamfol. Ana cikin sauke ta biyu sai gabas ta yi baƙi. Iska ta taso tana kwasar takardu da ledoji, aka ji ƙamshin ruwan farko. Masu lamba sun yi kaɗan, kuma kowa ya san abin da ruwa yake yi wa siminti. Manaja ya fito da gudu, bai neme ni ba. Ya wuce mai gadi, ya fita waje har gindin tsamiya, yana haki.

"Isuhu! Ɗan'uwa! Don girman Allah ku taimaka. Ku duka, ku shigo. Yau ranarku ce, ku rufa mini asiri."

Hausa tsantsa, ba ko ɗigon Turanci. Ina tsaye a bakin ofis ina addu'a a zuciyata Isuhu ya ƙi. Ina so ya ce an ce ba ya iyawa, ya miƙe ƙafa, ruwa ya mayar da simintin dutse. Ina so ya rama mini abin da ni na kasa yi. Amma ni ba ni da yara biyar a ƙauye. Ya tashi, ya tuɓe riga, ya naɗa gammo. Sauran suka bi shi, har mai ido ɗaya, har mai tari. Bibbiyu yake ɗauka, yana ɗingishi yana gudu. Buhu na ƙarshe ya shiga sito ɗigon farko yana bugun kwano.

Ruwa ya yi kamar awa guda. Da ya tsagaita, Manaja ya sa aka sayo musu shayi da burodi, yana ta sa albarka. Isuhu bai sha ba. Ya zo bakin ofis, jikinsa fari fat da siminti, ya durƙusa daidai inda ya durƙusa ranar Litinin.

"Ranka shi daɗe, lambar."

Manaja ya daina murmushi. Ya gyara zama, ya dubi takardu. Ya fara da ban-haƙuri, ya kai ga "anebul", ya nuna ni da biro.

Na buɗe baki. Har yau ban san abin da zai fito ba, kuma ba zan yi wa kaina ƙaryar cewa gaskiya ce za ta fito ba. Isuhu ya ɗaga mini hannu.

"Bar shi, malam akawu, kada ka wahala. Wagga na san ta. Na iya Turanci yanzu."

Ya tashi ya je ya ɗauki burodinsa, ya sa a aljihu.

Daga ranar aka riƙa kiran su sha huɗun ta ƙofar baya duk lokacin da kaya suka yi yawa, ana ba su abin da aka ga dama, tunda a takarda ba sa cikin masu iya aiki. Ni na bar kamfanin bayan kaka na tafi Kaduna. Isuhu ya ci gaba da shiga ta ƙofar baya har kamfanin ya rufe, kuma ba a taɓa ba shi lamba ba.